Wanda Aka Ba Fatalwa

An ɗauke wuta a Garin Malam.
Na hau dutsen bayan gida da littafin wasa
da fitilar waya mai sauran kashi tara.
Mushe Abarshi tambaya ɗaya tak ya ba mu:
"Wa ya yi kisan, masu duba ko mai wuƙa?"

Mutumin cikin littafi yana zaman zamansa
aka raɗa masa goben da ba tasa ba.
Ba su miƙa masa wuƙa ba,
kujera kawai suka ambata,
kamar a ambaci ruwa a Damagaram da bazara,
kowa ya ji maƙogwaronsa ya motsa.

Na rubuta a kaye: buri ne.
Na soke. Na rubuta: aljannu ne.
Bik ya tsaya cik.

Don ni ma da tawa a ƙasa.
Ranar rabon matsayi Laminu aka zaɓa jarumi,
muryarsa na kaiwa bakin ƙofar lakwal.
Na bi Mushe har gindin bedi,
na ce Laminu ba zai riƙa zuwa gwaji ba,
kabu-kabu yake da marece a Kasuwar Dole.
Gaskiya ce, sai dai na zuba mata gishiri.
Babu bokan da ya aike ni,
ƙafata ce ta kai ni.

Yanzu ni ke da rawanin kwali,
shi kuwa an ba shi fatalwa.
Ko kalma guda ba a rubuta masa ba.
A shafa masa alli a fuska,
ya zauna bisa benci, ya dube ni.
Kallo kawai.
Sau uku zance na ɓace mini,
Mushe na tafi,
wai na ƙware a kwaikwayon firgita.

Jiya ya rage mini hanya bisa babur
daga Birni har gida,
ya ƙi karɓar dala arba'in ɗina.
"Bari, sarki ba ya biya."
Ban san ko ya sani ba.
Rashin sanin ne ke kwana tare da ni,
ya ja mini mayafi, ya ci rabin tabarma.

Waya ta mutu.
Can ƙasa wani kare na haushin abin da ban gani ba.
Na lalubi kaye cikin duhu,
na rubuta amsa bisa layin da ba na gani:
masu duba murfi kawai suka ɗaga,
tukunyar tuni tana tafasa.

Gobe akwai gwaji ƙarfe huɗu.
Laminu ba ya makara.