Sikelin Alabar

Shekara ashirin da bakwai ina sayar da ƙusa a Alabar,
ban taɓa ƙirga ta ɗai-ɗai ba.
Kafinta ya ce ɗari biyar, 'yar inci uku,
in kamfata, in zuba a sikeli,
allura ta yi rawa, ta tsaya.
Mai shakka ya tsuguna ya ƙirga.
Ni dai na san nauyin ɗari,
saura rabawa ce.

Jiya bayan la'asar ruwan Kumasi ya tsare mu a shago,
kwano na ta kiɗa bisa kanmu.
Sahadatu ta baje littafi kan buhun siminti,
tana tauna gindin biro, ido ya kawo ruwa.
Wai Ticha Boakye ya ba su aiki:
ƙarfe giram ɗari biyu da tamanin,
mol nawa ke nan?

Na ce, shi mol ɗan wace unguwa ne?
Dariya ta ƙwace mata.
Ta ce, Baba, tari ne, kamar dozin,
sai dai dozin sha biyu ce,
shi kuwa shida ne da sifiri ashirin da uku a bayansa,
sun fi layin mota a Kejetia ranar jajibiri.
Ƙwayoyin zarra ne, ido bai taɓa ganinsu ba.

Na ce, to wa ya zauna ya ƙirga?
Ta ce, babu. Aunawa ake yi.

Na ajiye kofin shayina.

Tari guda na ƙarfen, nawa yake ja?
Ta leƙa jadawalin bayan littafi: hamsin da shida.
Na jawo ƙaramin sikeli, na yi ta zuba ƙusa
har allura ta hau ɗari biyu da tamanin.
Na ce, ɗebe hamsin da shida, ajiye gefe.
Ƙara ɗebewa. Ƙara.
Tsibi biyar suka jeru kan kanta,
faranti ya koma wayam.

Ta dubi tsibin, ta dube ni.
Biyar, ta ce, can ƙasa-ƙasa,
kamar mai tsoron kada ya tashi sama.

Sai baki ya buɗe:
na ruwa sha takwas ne, na gishiri hamsin da takwas da rabi,
kowa da nauyin tarinsa.
Na ce, ai ƙusar rufi ma ba ta ja daidai da ta kujera.

A aji huɗu na bar makaranta,
ranar da babana ya kwanta bai tashi ba.
Ashe abin da na bari can
ya biyo ni shago, yana zaune cikin sikeli.

Da ruwa ya ɗauke ta ruga masallaci kai wa Fusena amsa.
Na tattara ƙusa na mai da buhu,
ɗaya ta maƙale a tafina.
Na daɗe ina juya ta.
'Yar wannan, da nake ba yara gyara,
wai jama'ar cikinta ta fi ta duniya.