Karfasar Ɗaki na Tara

Ɗakin mutum biyu, mu shidda ke kwana,
ta bakwai karfasa,
cikin akwatin gilashi bisa tagar Tasi'u.
Daga tafkin Madarunfa ya ɗauko ta,
wai kada Maraɗi ta mantar da shi gida.

Famfon jami'a ya ƙafe,
muka raba jarka: rabi alwala, rabi nata.
Bursu ya yi wata uku shiru.
Harisu ya dube ta, ya dubi tukunya.
Tasi'u ya ce, "Sai dai ka soya ni."

Daren jarrabawa, kowa ya ɓingire bisa kaye,
ni da ita kaɗai ido biyu.
Tana buɗe baki tana rufewa,
kamar tana bitar
abin da na manta.