Wat Biyu

Baba Arzika ya ce wat biyu sun isa.
Na yi dariya,
don ƙwan fitilar makewayinmu ma ya fi haka ci.
Bai tanka ba, sai ya turo min matacciyar fanka:
"Farke cikinta, Nomau.
Jan ƙarfen da ke ciki bai san ta mutu ba."

Daren Talata a Yelwa, an ɗauke wuta.
Muka cusa kan ƙarfen dalma a garwashin mai shayi.
Ya ce in naɗa waya a kwalbar maganin tari,
naɗi ashirin da bakwai, kada wani ya hau wani.
Ina sha tara aka kwaɗa sallama,
lissafi ya zube,
na warware na sake.
Har sau uku.

Gwangwanin kifi muka huda da ƙusa, shi ne gidan.
Transisto uku muka ciro
daga rediyon da ambaliyar bara ta ci.
Dalma ta ɗigo min a babban yatsa,
wari ya tashi kamar ana babbakar kan akuya,
ga tabon nan, kowa na iya gani.
Maɓalli kuwa karyayyen ruwan zarto ne
da murfin kwalba a bakinsa.

Ni na hau mangwaron gidan Kwaire na ɗaura eriya.
Kafin azahar mata sun shanya zannuwa a kai,
dole muka ƙara mata kamu huɗu.
Masunta da suka fito daga Kwara suka ɗaga kai:
"Wane kifi kuke haƙo a sama?"

Shekara talatin ya yi a gidan waya
yana buga saƙon mutane:
an haihu, an rasu, turo kuɗin mota.
Ko ɗaya babu nasa.
Takardar izinin da ya jira wata bakwai
tana cikin leda tare da ta fansho.

Muka cire batirin babur ɗina muka jona.
Ya buga kira, ya saurara.
Shuuu,
kamar ruwa a kan kwanon wata unguwa.
Dare goma sha ɗaya muna ciyar da sauro.

A na sha biyu, bayan isha'i,
kwaɗi sun ɗan lafa,
sai ga wani abu siriri kamar zaren gizo-gizo
yana tsinkewa yana ƙulluwa.
Na dube shi.
Yana kallon fitila ne kawai.
Ashe kunnuwansa sun daɗe da ajiye aiki,
bai faɗa wa kowa ba.

Ni ina ji, ban iya karantawa ba.
Shi ya iya, ba ya ji.
Na kamo tsintsiyar hannunsa
na shiga ƙwanƙwasawa da yatsan nan mai tabo:
gajere, dogo, dogo, gajere,
yadda ya shigo haka nake sauke masa.
Leɓensa ya fara motsi.
Ya jawo takardar buhun siminti yana rubutu,
fensir na rawa.

"Daga hayin teku ne," in ji shi.
"Ya ce yana jin mu.
Ƙasa-ƙasa, amma yana ji."

Ya tambayi sunan mutumin.
Harafi uku suka iso,
sauran iska ta riƙe abinta.
Muka zauna har fitila ta shanye kananzir,
hannunsa na cikin nawa, ko zai dawo.

Da asuba na mayar da batir, babur ya ƙi tashi.
Na tura shi har bakin kasuwa ina gumi.
Wani fasinja ya ce, "Kai kuwa lafiya?
Babur ya mutu kana murmushi?"
Na ce masa ya hau na gaba.