Laraba Tawa Ce

Hawa na huɗu, a titin da ya gangara kogin Doro,
taga ɗaya, kujera biyu, tukunyar na'ana'a mai jiran ruwa.
Graciete, haka aka rubuta a jikin ƙararrawa,
ƙasansa da ƙananan baƙaƙe: ana koyar da goge.
Gogen nan mai tsirkiya huɗu da ake dafewa da haɓa,
shekara talatin da ɗaya ya bar min kanta a wuya,
irin ta ɓera, yana cizo yana hurawa.

Ƙarfe uku Tomé ke hawowa, matakala bibbiyu,
tafinsa duk danƙon alewa.
Na ce wanke. Na ce goga ƙaro a izga.
Ya ja, sai ka ce an taka wutsiyar kyanwa.
Dona Ermelinda ta ƙasa ta daki rufinta da sanda,
ɗaya, biyu, uku, huɗu,
ita ma ta iya ƙidayar kiɗa yanzu,
ba ta taɓa biyana ko sisi ba.

Ƙarfe huɗu Benedita, 'yar sha biyar,
yatsu kamar ruwa, fuska kamar ƙofa a kulle.
Ba ta kuskure. Abin da ke damuna ke nan.
Na ce yarinya, ɓace sau ɗaya mana, mu ji muryarki.
Ta dube ni, ta dubi agogo.

In rana ta faɗa teku sai Senhor Albano,
wanda ya tuƙa taragon lantarki har ya yi furfura.
Mako guda da binne matarsa ya sayi goge.
Waƙa ɗaya yake so, guda tak,
wata bakwai muna kan layi na biyu.
Gemu ba ya hana ilimi, gaskiya ne,
amma kafaɗa kan hana, in sanyi ya taso.
Yakan tura kuɗin ƙarƙashin faranti kamar abin kunya,
wani lokacin da lemo biyu.

Da dare ni da littafin lissafi.
Haya, wuta, tsirkiyar da ta tsinke ranar Litinin.
In ɗan wani ya yi mura, tukunyata ce ke atishawa.
A watan Agusta kowa ya tafi hutu
ya bar ni da shiru, da miyar kabeji.

Amma Laraba,
Laraba na ja mata layi da jan biro.
Nakan rufe gogen a akwatinsa kamar jinjirin da ya sha ya ƙoshi,
in hau mota zuwa Matosinhos da tawul a kafaɗa.
Ruwan sanyi ƙarara, har haƙora na kaɗa nasu ƙidayar.
In nutsa kai.
A can ƙasa babu mai zarce sauti, babu mai gaza shi,
kunnena da ke aiki kwana shida
ya kwanta, ya miƙe ƙafa.

Na fito, ina cin gasasshen kifi da hannu,
wayata ta yi kuka a cikin takalmi.
Mahaifiyar Tomé: ko za a dawo da darasin yau,
gobe yana da ƙwallo.
Na dubi maiƙon da ke yatsuna.
Na tuna haya.
Na rubuta to, na goge.
Na rubuta: yau ba na nan.
Wayar ta ɗauki ƙarnin kifi har Juma'a.

Da na koma gida, gishiri a gashina,
na ce ba zan taɓa shi ba, ai Laraba ce.
Na shayar da na'ana'a. Na wanke kofi. Na zagaya akwatin sau biyu.
Ƙarfe goma na maƙala masa matsin shanya don ya rage murya,
na ja waƙar Albano tun daga fari,
na wuce layi na biyu a hankali, kamar mai leƙa ɗakin wani.

Na saurari ƙasa.
Sandar ba ta motsa ba.
Sai ƙarar taga da aka tura, kaɗan.