Ƙirga Huɗu a Bayan Shagon Walda

A bayan shagon walda na Ƙofar Marusa
akwai ɗakin da Mannir ya liƙe da kwalin ƙwai,
bango da rufi, wai don kada ƙara ta fita.
Tana fita.
Har mai ƙosai ta bakin titi ta san ran da ya karya sanda.

Fank, ya ce, shi ne sunan kiɗan.
Inna ta ji fanke, ta ce a sayo mata na ɗari biyu.

Sanda kan sanda: ɗaya, biyu, uku, huɗu,
daga nan sai ka ce ƙanƙara ta sauko wa kwanon rufi.
Minti ɗaya da rabi, an gama.
Kafin shayinka ya huce ya yi uku,
rigarsa sharkaf kamar ya tsallako gulbi.

Kullum muna gardamar wane ne gwani.
Hafizu na son wani dogo da ke cikin wayarsa,
mai zane a damtse,
mai dukan faifan ƙarfe kamar ya ci masa bashi.
Lawandi ya ce a'a, wata gajeriya ce, ba takalmi,
ba ta ɗaga kai, ba ta murmushi,
ita ke jan maza uku kamar raƙuma a akala.
Sunayensu sun fi ƙarfin harshena.
Ni gwanina ina bin sa dubu biyu tun kafin azumi.

Don na ga watannin da ya yi yana dukan tsohuwar taya.
"Ba damtse ba ne," in ji shi, "wuyan hannu ne.
Je ka kalli lugude:
taɓarya da kanta take dawowa,
mai daka tarbar ta kawai take yi."
Dama na yayyafi, hagu na sara,
ƙafa na kan fedar da ta sha walda sau uku,
ɗayar ta danne faifai biyu kamar mai riƙe bakin tsegumi.
Gaɓoɓi huɗu, kowa da hanyarsa,
amma tare suke shiga ƙofa.

Ran da aka ɗauke wuta gita ta mutu a tsakiyar waƙa,
shi bai ma sani ba.
Ya kai ta gida cikin duhu, shi kaɗai.

Wata Laraba Kawu Bawale ya shigo kawo ƙara,
shi da ya shekara talatin da kalangu a mahauta.
Ya zauna kan jarka. Ya runtse ido.
Na ga yatsansa na motsi a gwiwa.

Da aka tsaya ya ce,
"Yaro, gangarka ba ta magana.
Ba ta kiran sunan kowa, ba ta roƙon kowa,
ba mahaucin da zai ba ka ko tsoka.
Amma na bi ka da ƙirga ina jiran ka faɗa rami,
ba ka faɗa ba.
Sauri daban, gaggawa daban.
Sai dai hagunka, in ka gaji, tana makara
kamar kaurin silin gashi."

Ya tashi. Ya manta da ƙarar da ta kawo shi.

Mannir bai tanka ba.
Ya naɗa salatif a yatsan da ya fashe,
ya daɗe yana kallon hannunsa na hagu
kamar yau aka haɗa su.

Washegari bayan la'asar ban ji ƙanƙara ba.
Tak.
Tak.
Tak.
Hannu ɗaya, a hankali, har magariba.
Mai ƙosai ta aiko yaro
wai don Allah ya koma wa haukansa na da,
wannan ya fi shiga kai.