Yatsu Uku

Ladanin Fagge bai rufe baki ba
motar Tiga ta tsaya a Titin Galadima,
ƙanƙara na narkewa tana ɗiga ta ƙarƙashinta.
Na yaye buhun da aka rufe kwandon farko,
sai ga karfasa, ko ɗan yatsana ba su kai ba,
idanu zuru-zuru,
ba su gama sanin ɗanɗanon ruwa ba.

Shekara talatin ina dillanci a rumfar nan.
Na sayar da giwan ruwa da sai ƙarti biyu ke ɗagawa,
na sayar da tarwaɗa mai gashin baki kamar tsohon soja.
Yau ga ni da kwano ina auna jarirai
sai ka ce mai tallan gyaɗa.

Babana masunci ne, a bakin Wasai ya tsufa.
In ya gama saƙa sai ya ƙwala mini kira:
Gwadabe, zo, zura yatsunka.
In uku suka shige ido guda
ya yi bisimilla ya saɓa ta a kafaɗa.
In suka ƙi, ya zauna ya warware,
ko da tuwo zai huce.
Ba hatimi, ba sa hannu.
Wanda ya kuɓuce yau, in ji shi, ajiya ka yi.

Yanzu an kawo wata raga daga bayan teku,
zare siriri, kifi ba ya ganinsa,
idonta kuwa ko tsinke sai ya yi sallama.
Jirgi mai inji ke jan ta,
tana sharar ƙasan ruwa tas,
uwa da ƙwanta, da ɗan da bai yi arba'in ba.
Ko kwaɗo bai sha ba.

Jiya ma'aikaci ya zo da takarda cikin leda
da ɗan ƙarfen awo a aljihun gaba.
Ya karanto: raga kaza an hana,
jirgi sai da lamba,
wata kaza zuwa kaza a bar ruwa ya huta.
Kasuwa ta kaure.
Tasalla mai suya ta riƙe ƙugu:
To ni in soya me, takardar?
Aka bushe da dariya.
Ni ban yi ba.

Don ragar da ta kwaso waɗannan, da kuɗina aka saye ta.
Ni na ba Sallau bashi bara, bayan babbar salla,
yana nan a littafina, shafi na tara,
a kan zai riƙa biya da kifi.
'Ya'yansa shida, kwalekwalensa ɗaya, shi ma yana yoyo.
In an cinna wa ragar wuta, da bashina za ta ci.
In an ƙyale ta,
baɗi me motar za ta ɗauko?

Na ja ma'aikacin gefe, bayan injin ƙanƙara.
Na ce, Malam, dokarku ta yi,
amma ita ma a zura mata yatsu a gani.
Kada a saƙa ta a baibai,
ta damƙe Sallau,
mai jirage goma ya sulale ta tsakiya.
Ku fara da shagon da ke sayar da ita bandir-bandir,
nan cikin gari yake,
ko adaidaita ba sai ka hau ba.
Ya rubuta wani abu.
Ban ga abin da ya rubuta ba.

Da dare na zazzage kwandon da ya yi kwantai,
sai ga guntuwar ragar maƙale a baki.
Na kai ta kusa da fitila,
na gwada yatsu uku, na gwada biyu,
na gwada ƙaramin shi kaɗai.
Farcena ne kawai ya leƙa.

Na kira Sallau, wayarsa ba ta shiga,
yana can tsakiyar ruwa.
Na buɗe shafi na tara,
biro a hannu, ƙarnin kifi a biro,
har aka ɗauke wuta.