Kwana Takwas a Pitowa

Shekara tara ina ɗakin nan.
Ni na sa kwano da rufin ya rufta,
ni na dasa lemun da ke bakin rijiya.

Yau ɗan marigayi Hamadiko ya dawo daga Garwa
da takarda mai hatimi, da Faransanci a baki:
kwana takwas,
wai ma'aikatan auduga sun ninka kuɗin haya.

Na je wajen Jauro.
Ya ce, “Ina rasit?”
Na ce, “Da babansa hannu kawai muke sha,
jaka biyar duk tsayuwar wata,
shaidarmu Allah.”
Ya kalli ƙasa.

Dudu tana naɗe tabarmi.
Autanmu yana tambaya
ko lemun zai shiga amalanke.